Irin Mai Gemu da Muka Cinye a Makokin Kawu

Kawu, yayan mahaifiyata, ya rasu a tsakiyar damina, ranar da hadari ya haɗu tun da hantsi ya tsaya bisa Jega, bai zubo ba, bai kuma wuce ba. Na Allah ne mu, wurinSa za mu koma. Duk wanda ya sa ƙafa a zauren gidan da wannan ya shigo, ni ma na amsa wa kowa, amma bakina ne kaɗai yake aiki.

Mutanen Sabon Gari sun san halina. Ni ne direban nan da ya rantse a tasha cewa ya taɓa ɗauko albasar Aliero guda ɗaya wadda sai da ƙarti biyu suka kama kafin ta hau mota. Ko a gidan rasuwa akan sami masu matsowa kusa da ni don su ɗan sarara. Ran nan sun matso, sun jira, ba abin da ya fito. Kuka ma bai zo ba. Na zauna kamar buhun da aka jingina da bango aka manta da shi.

Kawu Ƙarami, ƙanensa da suke noman fadama ɗaya, yana cikin waɗanda suka yi masa wanka. Da ya fito sai ya tsuguna gefena yana kallon nasa hannuwan.

"Mun wanke yatsun nai, mun sake wankewa," ya ce. "Baƙin bai hita ba. Haka nan munka sa shi."

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Kawu ya san baƙin nan, wani kore-kore mai duhu da ya zauna masa a tsagar yatsu da gefen farce, na yawan shafar itacen tumatir. Rabonsa da lambu tun ƙarshen rani, amma abin ya riga ya zama fata.

Wani dillalin kayan gwari da suka shekara suna sa-in-sa da shi a kasuwa ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa, sannan ya ce, "Allah shi jiƙan shi, mutumen kirki na. Amma tumatirin nan nai, wallahi bai taɓa kai garin Koko da rai ba." Aka yi dariya, aka tuna inda ake, aka koma istigfari. Idanu suka juyo kaina ana jiran in ɗora. Ina da abin ɗorawa kuwa, don ni na ɗauki kwandon da ake magana. Na buɗe baki, na mayar na rufe.

Daga cikin gida, kukan da ya fi tashi ba na dangi ba ne. Na tsofaffin matan unguwa ne, waɗanda ba su haɗa komai da shi ba sai miya. Ɗayarsu ta riƙa maimaitawa, "Wa za shi bar muna bakin hanya? Wa za shi bar muna bakin hanya?" Baƙin da suka zo daga nesa suka ɗauka ruɗewar tsufa ce.

To, a ranar ne kuma muka yi ɓarnar da ta sa nake wannan rubutu.

Da damina ɗanyen tumatir wuya yake yi, kowa kauɗa yake komawa, wato wanda aka yanka aka shanya tun da rani. Babbar ɗiyar Kawu, taubashiyata, wadda tun muna yara take kirana bawanta ni kuma ina kiranta uwar ɗaki mai rowa, ta iso daga gidan mijinta a Aliero ta ɗaura zane ta karɓi girki. Mace ce mai zafin nama, in baƙin ciki ya kama ta aiki take yi. Ta aika aka sayo kauɗa a kasuwa, ta ga taron ya fi ƙarfin abin da aka sayo. Ta shiga turakar mahaifinta ɗauko tabarmi, ta ɗaga kai ta ga kauɗa jere a zare, an rataye ta a ƙusa can kusa da rufi. Ta miƙa hannu ta sauke. Ta zuba duka a daro ɗaya, ta kasuwa da ta turaka, ta jiƙa, aka kai markaɗe.

Miyar ta yi daɗi. Ba zan ɓoye ba. A duk kwanakin nan ita kaɗai ce abin da harshena ya ji ɗanɗanonsa. Wani tsami-tsami ne da ita mai tashi har hanci. Limamin unguwa ya yaba, dillalin nan ya suɗe kwano, ni kuma na nemi ƙari aka ba ni.

Sai da taro ya watse, aka naɗe tabarmin ƙofar gida, sannan Inna, matar Kawu, ta kira ni daga bakin ɗakin da take takaba.

"Direba, shiga turaka tai ka sauko da irin, ka duba ko danshi ya taɓa shi. Lokacin zubawa ya matso."

Na shiga. Ƙusa na nan, da guntun zare a jikinta. Na fito na ce, "Inna, ba komi ga ƙusar."

Taubashiyata na tsakar gida da ludayi a hannu. Ta ce, "Wane iri?" Ta kalle ni, ta kalli ƙofar turakar. Sai ta zauna a ƙasa inda take tsaye, cikin jiƙaƙƙen yashi, ludayin na hannunta.

Inna ta ce, "To."

Ta saki labule.

Abin da muka cinye shi ne dukan irin tumatirin da Kawu yake kira mai gemu. Ya gaje shi wurin mahaifinsu, kakana, shi kuwa ba wanda ya san inda ya samo shi. Sauran manoma matse iri suke yi su wanke su shanya su ƙulle a leda. Kawu bai yarda da wannan ba. Yakan zaɓi 'ya'yan da suka fi nuna a jikin itacen da ya fi gashi, ya yanka ya shanya ya shirya su a zare. "Iri cikin naman nai ya hi kwana lahiya," in ji shi. Da damina kuwa babu ko itace ɗaya a tsaye, fadama ruwa ya shanye ta. Duk mai gemun da ya rage a duniya, iya saninmu, a kan ƙusar nan yake.

In gaya muku gaskiya, ba tumatirin a-zo-a-gani ba ne. 'Ya'yansa ƙanana, kamar ƙwan zabo, masu tsaga-tsaga, ga ruwa, ga fata kamar takardar sigari. Kwandon da dillali yake faɗa, ni na ɗora shi saman albasa za ni kudu. Kafin mu wuce Maiyama ya fara hawaye, kafin Koko ya zama miya, saura gishiri. Na sha faɗa a tasha cewa ƙudajen da suka biyo motata ran nan sai da aka tsayar da su a shinge aka duba musu takardu.

Itacen ne abin kallo. Idan ka je da safe ka tsaya rana na bayansa, sai ka ga kowane reshe ya yi fari sol da gashi, kamar an naɗa masa auduga. Nakan ce wa mutane Kawu na kai tumatirinsa wurin wanzami duk Juma'a. Ya ji labarin, bai yi dariya ba. Wata rana na je lambun ɗaukar kaya, ya kama wuyan hannuna ya ja ni cikin layi.

"Kai Direba, ka iya ƙarya amma ba ka iya kallo ba. Taɓa nan."

Na taɓa. Yatsuna suka yi danƙo, wari ya tashi.

"Wanga dogon da kaka gani, shinge na. Ƙwaro ya sauka, ƙahwa tai ta sarƙe, shi rasa wurin aje ƙwai. Amma mugun shina ƙasa, gajere, ba ka ganin shi sai ka kanne ido. Kowane da ɗan tulu bisa kai. Ka taɓa, shi hwashe. Shi na warin, shi na danƙon." Ya juya mini bayan ganye. Ga wasu ƙananan fararen ƙwari sun manne, wasu na motsi, wasu sun daina. "Kai in sauro ya cije ka kana da hannu. Shi mi gare shi? Nan anka dasa shi, nan za shi tsaya har shi mutu. Sai Allah ya ba shi gashi."

Daga nan ya ja ni layin Kawu Ƙarami, inda aka dasa ɗan leda, irin da ake sayowa a shago, mai dogayen 'ya'ya masu tauri da ke kai Legas ba su ce uffan ba. Gashi akwai a jikinsa, amma jefi-jefi, ka shafa hannunka ya fito kusan a bushe. "Wanga an yi mai aski," ya ce. "Sun so 'ya'ya su yi ƙwari, sunka manta da uwar." Can gefe kuma akwai wani da wani baƙo ya ba shi ya gwada, mai gashi lufluf, taushi kamar bayan kyanwa, amma ba wari ba danƙo. Kawu ya shafa shi da bayan hannu ya taɓe baki. "Gashin ado na. Na ango."

Haka yake rarraba tumatir, ba ta 'ya'ya ba kamar kowa, ta gashi. Mai shinge, mai tulu, mai ado, wanda aka yi wa aski. Da idonsa ya yi rauni sai ya koma amfani da leɓe. A kasuwa zai ɗauki dashe ya goga a leɓensa na sama ya lumshe ido, masu sayarwa na zunɗensa, "Ga tsohon da ka sumbatar tumatir." Ba ya ko waiwayawa.

Dokarsa ɗaya ce a lambu: ba a ratsa layin mai gemu da babbar riga. Ya ce riga na share tulunan nan su fashe a banza, itace ya wuni ba makami. Na ga ranar da wani babban mutum daga cikin surukansa ya zo gaishe shi, riga ta sha aiki har ƙasa. Kawu ya tare shi tun daga kan kunya. "Alhaji, ko ka tuɓe ko mu gaisa daga nan." Alhaji ya tuɓe. Ya shiga da 'yar ciki yana tafiya a karkace kamar mai tsallake kwata.

Kada wani ya ɗauka Kawu mutum ne da ya ƙi zamani. Yawancin gonarsa albasa ce da ɗan leda, da su ya aurar da 'ya'yansa, da injin ban-ruwa yake aiki kamar kowa. Bai taɓa cewa mai gemu ya fi kowane tumatir ba. Shekarar da tsutsar nan mai shiga cikin ganye ta zo ta share lambunan ƙasar nan, mai gemu ya ɗan daɗe a tsaye bayan sauran sun ƙone, har na fara shirya labarin da zan bayar a tasha. Sannan shi ma ya faɗi. Da ƙyar Kawu ya tsira da na iri. Na ce, "Kawu, ina tulunan?" Ya ce, "Sun yi iyakar su. Wagga ta hi su wayo, ta ciki taka bi."

Layi ɗaya yake ba shi, na can gefe, wanda ke bin hanyar da mata ke wucewa zuwa gulbi. Shi ne bakin hanyar da tsohuwar nan take kuka a kai. Layin nan ba a tsinkarsa don kasuwa. Duk wadda ta zo wucewa ta tsinki na miyar ranar, ba sallama, ba godiya. In ya hango mace ta tsaya wurin, sai ya juya baya ya kama gyaran injin da lafiyarsa lau, har sai ta wuce. Na tambaye shi me ya sa ba ya tsinka ya aika musu gida. Ya ce, "In na aika, sadaka ta. In sun tsinka, nasu na."

A kan layin nan ne suka yi faɗan da ya fi kowane tsawo da Kawu Ƙarami. Wata shekara masu tsinka suka haɗa mai gemu cikin kwandunan ɗan leda, ya fashe a hanya ya ɓata na ƙasa, dillali ya dawo da kaya. Kawu Ƙarami, da zuciya ta ɗebe shi, ya bi layin nan da safe ya tumɓuke shi tas ya zubar a kan kunya. Kawu ya zo ya tarar. Bai ɗaga murya ba. Ya tsuguna ya tsince 'ya'yan da suka nuna ya zuba a hula, ya tafi gida kai ba hula. Daga ranar ya daina cin abinci a tire ɗaya da ƙanensa. Suna gaisawa, suna sallah sahu ɗaya, suna raba man inji, amma in an kawo tuwo sai Kawu ya ce ya ƙoshi. Mutumin da ke iya tashi da malmala uku! Har rani ya fita haka ake. Mahaifiyata ta yi magana, liman ya yi magana, a banza.

Abin da ya shirya su, da lokacin dashe ya zagayo, wurin renon Kawu Ƙarami ruwa ya ci shi. Da safe ya fito ya tarar da dashen ɗan leda a ƙofar ɗakinsa cikin jiƙaƙƙen buhu, an ɗaure shi dami-dami. Kawu ne ya rena a nasa wurin, ya bi shi ɗaya bayan ɗaya da leɓe ya fitar da duk wani mai gemu da ya ɓuya a ciki. Da rana aka kawo tuwo, Kawu ya wanke hannu ya matso. Abin da ya ce kawai shi ne, "Matsa, ka cika wuri." Layin bakin hanya kuwa ya koma inda yake, ba wanda ya sake ɗaga maganar.

Shi ya sa da labarin miyar ya kai kunnen Kawu Ƙarami, ya fi kowa shiga damuwa. Ya same ni a tasha. "Ni da nit tumɓuke shi da hannuna," ya ce, "yau ni ka biɗa tai. Tashi mu tahi. Yaya ya ba mutane da yawa."

Gaskiya ne, ya ba mutane da yawa. Muka hau babur muka nufi Katanga wurin wani tsohon abokinsa da ke dasa shi bayan gida. Ya ce rabonsa da ajiye iri har ya manta. Muka bi ta wajen Maiyama wurin amininsa Bafillace, wanda matarsa ke son shi don awaki ba su cika damunsa ba. Ya girgiza kai, ya ba mu nono muka sha. Muka ƙarasa Karaye wurin wata gwaggonmu ta nesa, tsohuwa tukuf, wadda aka ce ba ta miya da wani tumatir sai shi. Ta saurare mu har muka gama.

"Ɗana, ni in aje iri? Don mi? Kowace shekara, ruwa na ɗaukewa, sai in ji sallama tai, ga dashe bayan keke cikin jiƙaƙƙen buhu. Shi ka aje muna. Ashe bana ba shi zuwa."

Duk inda muka je amsar ke nan. Bai taɓa fashin kai wa kowa ba, don haka ba wanda ya taɓa ganin dalilin ajiyewa. A hanyar dawowa, muna kan gada, wata magana ta zo mini: mun rufe shi da safe, mun cinye gadonsa da rana. A da, da na riƙe ta na kai tasha an yi mako ana dariya. Na juya ta a raina, na ji ba ta da ɗanɗano, kamar tuwon jiya ba miya.

Taubashiyata ba ta koma Aliero ba. Mijinta ya aiko, ta ce sai an yi arba'in. Ba wanda ya ce mata ta yi laifi, ita ma ba ta sake tayar da maganar ba, sai dai ta daina kirana bawa. In na shigo sai ta ce, "Sannu da zuwa, Malam," ta kawo ruwa ta ajiye da hannu biyu. Ban san akwai zagin da ya kai wannan ciwo ba. Na so in tsokane ta ko sau ɗaya, in ce uwar ɗaki ta yi miyar da ba a taɓa yin mai tsadarta ba a Jega. Na san in na faɗa, ɗayanmu zai fashe, ban kuma san wane ne ba.

Ana gab da arba'in ta kira ni a waya da hantsi.

"Ka zo. Kar ka yi surutu, ka zo dai. Ka biyo da Baba Ƙarami."

Ta kai mu bayan madafa, inda ruwan wanke-wanke ke bi ya fita ta rariya. Ta kife wani tsohon kwando a wurin, ta kewaye da ƙaya saboda kaji. Ta ɗaga kwandon. Tsiron tumatir ne cunkus, sun kai tsawon yatsa, wasu sun fi, suna ta turereniya.

"Nan niz zubar da ruwan jiƙon," ta ce. "Da guntattakin da sunka kwanta ƙasan daro. Na daɗe da ganin su. Tsoro nika ji in hwaɗa."

Kawu Ƙarami ya durƙusa. Ni ma na durƙusa, gwiwata cikin caɓi. Sai ya ce a hankali, "Ɗiyata, kauɗar kasuwa hwa? Daro guda kinka jiƙa su?"

Ta ce, "Guda."

Wato a cikin cunkoson nan akwai 'ya'yan kowane irin tumatir da aka shanya aka kai kasuwar Jega, mai gemu kuwa ko yana ciki ko babu. Na ce ai da sauƙi, a duba mai gashi. Muka duba. Dukansu gashi gare su. Ashe tumatir yana ƙarami kowanne buzu-buzu yake, ɗan leda da ɗan gado, kamar jarirai. Kawu Ƙarami ya murza wannan ya shinshina, ya murza wancan. Ya ma gwada gogawa a leɓe yadda yayansa ke yi, ya lumshe ido, ya daɗe. Ya buɗe.

"Ni dut tumatir nika ji," ya ce.

Na ce to a dasa su duka, in sun yi 'ya'ya a gane.

"Ina?" in ji Kawu Ƙarami. "Fadama na ƙarƙashin ruwa, tudu dut gero da dawa. Dube su, sun hwara ruɓa daga gindi, wurin ya cika ruwa. In ba a cire su yau ko gobe ba, sun tahi. Gidan ga kuwa abin da za shi ɗauka bai wuce 'yan tukwane ba. Sai an zaɓa."

Muna cikin haka muka ji takun takalmi. Inna ce, cikin mayafinta na takaba. Tun rasuwar ban ga ta wuce bakin ɗakinta ba. Ta tsaya ta kalli tsiron, ta ce wa ɗiyarta, "Ɗauko mani kujera."

Ta zauna bakin rariyar. Ta naɗe hannun rigarta har gwiwar hannu, duka biyun. Ta tsinki ɗan ganye daga tsiro na farko, ta murza shi a cikin hannunta, wurin fata mai laushi, sama da wuyan hannu kaɗan. Ta tsinki na biyu ta murza gaba da wurin. Ta ce wa ɗiyarta ta riƙa bin ta da tsinke tana lura da wane ganye ya hau ina.

"Inna, mi kika yi?" in ji taubashiyata.

"Tun ina amarya nika wanke tuhwahin babanku. Ran da yas shiga ɗan leda, ba ni jin komi. Ran da yas shiga mai gemu, kahin in ɗauraye, hannuwan ga sun tashi kamar an watsa mani barkono. Ba ni tambaya tai inda ya wuni. Hannuna ka gaya mani."

Muka kalli juna. Kawu Ƙarami, da ya yi shekaru gida ɗaya da ita, ya ce, "Yaya ya sani?"

"Ban hwaɗa mai ba."

"Don mi?"

"Da na hwaɗa, da ya bari." Ta murza wani ganyen. "Shi ko in ya bari, mi ya rage mai?"

Ta ci gaba. Ta cika hannun hagu, ta koma na dama. Kaji na zagaye mu, wata maƙwabciya na daka a bayan katanga. Muka zauna muna kallon hannuwan tsohuwa kamar masu jiran ganin wata. An daɗe ba komai, sai kore-koren ganye a fata. Na fara shirya abin da zan ce in ba a samu ba, na ga ba ni da shi.

Sai Inna ta ɗan ja iska ta haƙora.

Kusa da gwiwar hannun hagu wani wuri ya yi ja, ya fara tasowa. Can ƙasa da shi wani. A hannun dama ma wani, da wani kusa da shi. Taubashiyata ta bi tsinkayenta, ta nuna tsiron ɗaya bayan ɗaya. 'Yan kaɗan ne, sirara, biyu ma har sun karkace. Da ni aka bar wa zaɓi, su zan fara cirewa in yar.

"Su na," in ji Inna.

Kawu Ƙarami ya sa yatsunsa ƙarƙashin na farko ya ɗago shi da ƙasarsa, a tafin hannu biyu, ya rasa inda zai nufa da shi. Taubashiyata ta juyo ta daka mini tsawa, hawaye na bin fuskarta: "Kai bawa, tsaye kaka yi? Ɗauko tukwanen!" Na ruga. Na yi tuntuɓe da turmi, na fasa tukunya ɗaya, na kawo sauran.

Da muka gama dasawa muka jera su a inuwar katanga, hannuwan Inna sun kumbura sun yi ruɗu-ruɗu. Ɗiyarta ta shiga ɗaki da gudu ta fito da man kaɗanya da ruwa a kofi, ta durƙusa ta kama hannun za ta wanke.

Inna ta janye hannunta.

"Bar shi tukuna."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya sa inda ya tafi ya fi inda ya bari. Allah ya ba Inna haƙuri. Har aka kira la'asar tana zaune a wurin, hannuwan a kan cinya, tana susa a hankali.